Yadda Za Ka Koya wa Ɗalibai Bincike da Tantance Labari Cikin Zango Ɗaya

Duk malamin sakandare ya san yadda abin yake tafiya. A ba yara jinga a ce su rubuto bayani kan zaizayar ƙasa ko jihadin Shehu Ɗanfodiyo, su nufi shagon kwamfuta na bakin titi, mai shago ya rubuta taken a Google, ya kwafo shafin da ya fara fitowa, ya buga musu a takarda, kowa ya biya kuɗinsa. Ranar Litinin takardu su taru a teburin malami, galibinsu ba abin da ya bambanta su sai sunan da ke sama. Yaron bai karanta ba, bai san wanda ya rubuta ba, bai san ko gaskiya ne ba. In kuwa aka ba shi maki a haka, to mun koya masa cewa wannan shi ne bincike.

Illar ba a aji take tsayawa ba. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zaga wayoyin jama'a cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Da masu karatu da marasa karatu aka yi ta buga wa 'yan'uwa waya ana tashinsu daga barci. An kwantar da mutane a asibiti, har an rasa rayuka, a kan maganar da ba wanda ya san mafarinta.

Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan rashin kayan aiki. A 2016 wasu masana a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Sam Wineburg, sun gwada dubban ɗalibai a ƙasarsu, suka tarar sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare ba sa iya bambance labari da tallar da aka yi wa kamannin labari. Yara ne da suka tashi da kwamfuta a gida da makaranta. Iya danna waya daban, iya auna abin da wayar ta kawo daban, kuma na biyun sai an zauna an koyar.

Abin da zan shimfiɗa a nan tsari ne na mako goma, darasi ɗaya na minti 40 a kowane mako, wanda ya dace da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare zuwa aji biyu na babba. Ba sai da ɗakin kwamfuta ba. Allo, alli, littattafan rubutu, wayar malami guda ɗaya da mutanen gari sun wadatar. Duk tafiyar a kan tambaya biyu take, waɗanda nake so su zame wa yaro jiki: wa ya faɗa, kuma ta yaya ya sani?

Kafin a dawo hutu

Kada ka jira a ƙirƙiro sabon darasi a manhaja, jadawali ya riga ya cika. Ka shigar da aikin cikin darasin da kake koyarwa, ko Hausa ne, ko Turanci, ko tarihi, ko aikin gona. Ka zauna da shugaban makaranta ka nemi abu biyu: ya yarda wani kaso na makin gwajin cikin zango ya fito daga wannan aiki, ya kuma sa hannu a wasiƙar da yara za su riƙa nunawa in sun je tambaya cikin gari. Aikin da ba maki a kansa yara ba sa ɗaukarsa da gaske, iyaye ma haka.

Ka raba ajin rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas. A kowane rukuni a samu shugaba, da marubuci, da wani na uku wanda aikinsa kawai shi ne ya tare duk maganar da aka kawo da "wa ya faɗa?". Wannan kujera ta uku a riƙa juya ta duk mako, har ta zo kan mai kunyar nan da ba ta magana a aji. Sannan kowane ɗalibi ya ware littafin rubutu guda, ya ja layi biyu a tsaye a kowane shafi, ya zama gida uku: abin da na samu, inda na samo shi, abin da nake shakka. Wannan littafi shi ne kashin bayan zangon, kuma shi za ka fi dubawa.

Makonni biyun farko: a tsaya a kan tambaya

Yawancin kwafe-kwafen da muke kuka da shi, irin jingar da muke bayarwa ce take jawo shi. In ka ce "ku rubuta bayani a kan tumatir", take ka bayar, kuma kowane take yana da amsa a shirye a intanet. Amma in ka ce "me ya sa kwandon tumatir yake araha a kasuwarmu lokacin sanyi, ya yi tashin gwauron zabo da faɗuwar damina?", babu shafin da zai miƙo wa yaro amsar a dunƙule. Dole ya je wurin mai sayarwa, ya nemi manomin rani, ya karanta wani abu kan abin da zafi da ruwan sama suke yi wa shukar, sannan ya haɗa da kansa.

A darasin farko ka rubuta kalma ɗaya a allo, misali "ruwa" ko "kasuwa". Ka ba kowane rukuni minti goma su jero duk tambayar da ta zo musu, ba amsawa, ba yi wa juna dariya. Da farko za ka ga sun yi tsuru-tsuru, domin sun saba malami ne mai tambaya, su nasu amsawa. Ka yi haƙuri da shirun, zai warware. Idan sun gama, a tace tambayoyin a allo. Wadda kalma ɗaya za ta amsa, a ajiye ta gefe. Wadda ba za a iya kaiwa ga masu amsarta da ƙafa ko da wayar malam ba, ita ma a ajiye. Wadda ta yi faɗi, a matse ta. "Me ya sa Najeriya ba ta da ruwan sha?" ta fi ƙarfin ɗan aji uku. "Me ya sa rijiyar burtsatsen bakin masallacinmu ta daina ba da ruwa, kuma wa ke da alhakin gyara ta?" daidai take da shi, kuma in ya amsa ta ya fahimci wani yanki na waccan babbar.

A mako na biyu kowane rukuni ya tsayar da tambayarsa guda, ya rubuta abin da yake zaton ita ce amsa, ya ninke takardar ya ba ka. Ka adana, sai makon ƙarshe za a buɗe.

Shawarata a nan, a zangon farko ka kauce wa siyasar jam'iyya da saɓanin ƙungiyoyin addini. Ba don ba su da muhimmanci ba. Yaron da yake jin ana taɓa ra'ayin mahaifinsa ba zai saurari hanya ba, kare gida zai tsaya yi. A fara ƙwarewa a kan tumatir da rijiya tukuna.

Mako na uku: littafi ma yana da shekaru

Ka sa kowane rukuni ya zana inda amsarsa za ta iya kasancewa: bakin mutane, takardu, intanet, da abin da ido zai gani in an je wurin. Daga nan ka shigo da duk littattafan da ka iya tattarowa, ko da tsofaffin da ke kwabar ofis ne. Ɗalibai da yawa sukan gama sakandare ba a taɓa nuna musu bayan shafin take ba, inda ake rubuta shekarar bugu da sunan maɗaba'a, ko fihirisar da ke ƙarshen littafi. Ka mai da shi gasa: wane rukuni ne zai riga gano shafin da aka ambaci Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ba tare da buɗe littafin shafi-shafi ba?

Misali ɗaya yana zaunar da darasin shekara a ƙwaƙwalwa. Littafin labarin ƙasa da aka buga kafin 1991 zai sa Haɗeja da Dutse da Gumel cikin Jihar Kano, domin a shekarar ce aka cire Jigawa. Wanda aka buga kafin 1987 zai sa Katsina da Daura cikin Jihar Kaduna. Ka tambayi yara ko marubucin ƙarya ya yi. Za su yi gardama, daga ƙarshe su gane da kansu cewa bayani yakan tsufa, kuma wanda bai duba shekara ba zai ɗauki tsohon zance a matsayin na yau.

A wannan makon ne kuma za ka bambance musu shaidar farko da labarin da aka gina a kanta. Rasit, wasiƙa, tsohon hoto, mutumin da aka yi abu a gabansa, duk shaidar farko ce. Mafi kusa da ku tana ofishin shugaban makaranta: rajistar ɗaukar ɗalibai da kundin tarihin makaranta. Ka roƙa a fito da su yara su gani da idonsu. Makarantun da ke kusa da Kaduna suna da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, na Kano suna da Gidan Makama, na Sakkwato suna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Ziyara ɗaya, yaro ya ga tsohon bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara fitarwa a 1939, ta fi masa darasi uku na baki.

Mako na huɗu da na biyar: zuwa wurin masu sani

A nan muke da gadon da ya kamata mu ci moriyarsa. Yawancin yaranmu suna zuwa Islamiyya, sun san ba a karɓar hadisi sai an san wanda ya ruwaito, daga wa ya ji, shi ma daga wa, kuma ko mutanen nan masu gaskiya ne masu kiyayewa. Sun haddace aya ta 6 ta Suratul Hujurat da ta yi umarni da a yi bincike in fasiƙi ya zo da labari. A gabatarwar Sahihu Muslim akwai maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi, wato jerin masu ruwaya, yana daga addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Abin da ya rage shi ne ka nuna musu cewa wannan tarbiyya ba a ƙofar Islamiyya ake cire ta a ajiye ba. Ita ce dai za a yi wa labarin kasuwa da saƙon WhatsApp. A ajin da ke da ɗalibai Kirista, su ma sun san umarnin kada a yi shaidar zur, sai ka haɗa duka.

Mako na huɗu na shiri ne. Kowane rukuni ya rubuta tambayoyi biyar zuwa bakwai, a gwada su a aji, ɗaya ya zama dattijo ɗaya mai tambaya. Ka gyara musu tambayar da take cusa amsa a baki. "Ai dillalai ne ke sa tsada, ko?" ba tambaya ba ce. "Me yake sa farashi ya tashi a wannan lokaci?" ita ce tambaya. Ka koya musu sallama, gaisuwa, gabatar da kai, nuna wasiƙar makaranta, da neman izini kafin a rubuta sunan mutum ko a naɗi muryarsa.

Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce ta "ta yaya ka sani?", domin yaro ba zai dubi sa'an kakansa ya faɗe ta haka ba. Akwai yadda ake yi cikin ladabi: "Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan gobarar kasuwa a gabanka aka yi, ko daga magabata ka ji?" Dattijo ba ya jin haushin wannan, sau da yawa ma sai ya gyara zama ya ce, "A'a, ni ban gani ba, amma wane yana nan da rai, shi a gabansa aka yi." Ka ga an samu majiya ta biyu.

Tsofaffi da yawa ba sa riƙe shekara da lamba, sai da abin da ya faru. Ka ba yara 'yan turakun da za su ɗaure labari a jiki: komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, babban farin 1973 zuwa 1974, kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976. A Nijar, hawan Seyni Kountché mulki a 1974 yana yin wannan aiki. "Inna, lokacin ana kashe sule ne ko an koma naira?" Da wannan tambaya ɗaya an rage tazarar shekaru.

A mako na biyar a fita. Kada yaro ya tafi shi kaɗai, kada a tafi bayan magariba, kuma iyaye su sani. In fitar za ta yi wuya, a gayyato mai unguwa ko sarkin kasuwa ko malamin gona zuwa makaranta. 'Yan mata suna da damar da maza ba su da ita, ta shiga cikin gidaje wurin kakanni da ungozoma da masu sana'ar cikin gida, waɗanda iliminsu ba kasafai yake shiga takarda ba. Doka ɗaya ce ba a sassautawa: kowace magana mai nauyi a ji ta daga bakin mutum biyu da ba a zaune tare aka tambaye su ba. In sun saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wadda ta fi daɗi.

Mako na shida: nema a intanet

Da waya ɗaya ma ana yi. Kowane rukuni ya rubuta a takarda kalmomin da yake so a nema, a tattauna su a allo, sannan wakilinsa ya zo ya danna da hannunsa ya karanta wa aji abin da ya fito. Tattaunawar kalmomin ita ce darasin. Yara sukan zuba jimla sukutum, sai ka nuna musu a tsamo kalmomi uku ko huɗu masu nauyi, a ƙara sunan wuri da shekara. Masu binciken tumatir in suka sa sunan Kano ko Kaduna da 2016, za su ci karo da labarin tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonaki a shekarar har farashi ya ninka sau da yawa, abin da wataƙila manomin da suka yi hira da shi ya riga ya ambata da sunan da manoma suke kiranta.

Dabaru kaɗan sun isa. Sa jimla tsakanin alamun zance yana kawo shafukan da ke da ita daidai yadda aka rubuta. Ƙara site:gov.ng yana taƙaita nema a shafukan gwamnatin Najeriya. Ƙara filetype:pdf yana fito da rahotanni. In da Hausa ake nema, a gwada da haruffa masu lanƙwasa, a sake gwadawa babu su, domin mutane da yawa "kasa" suke rubutawa a maimakon "ƙasa". A nuna musu sakamakon da aka biya kuɗi aka ɗora a sama, da 'yar alamar da ke nuna talla ce.

Ban goyi bayan hana Wikipedia ba. Wuri ne mai kyau na farawa, akwai ta da Hausa ma, amma a koya wa yaro ya gangara ƙasan maƙala ya ga inda aka samo maganar, ya bi can. Makarantar da ba ta da intanet amma tana da kwamfuta ko da ɗaya ce, manhajar Kiwix tana ba da damar sauke Wikipedia sau ɗaya a riƙa karantawa ba tare da data ba.

Mako na bakwai da na takwas: tantancewa

Nan ne zuciyar aikin, kada ka yi sauri. Masanan Stanford ɗin nan sun sake wani gwaji, suka ba malaman tarihi na jami'a, da ɗalibai, da ƙwararrun masu tantance labarai shafukan intanet iri ɗaya su auna. Da yawa daga malaman da ɗaliban sun tsaya cikin shafin suna duba kyan tsarinsa da tambarinsa da abin da ya faɗa game da kansa, aka ruɗe su. Ƙwararrun kuwa ba su daɗe a ciki ba, sai suka fita suka nemi abin da wasu suke faɗa game da masu shafin. Mu ma haka muke yi in baƙo ya zo neman aure: ba shi ake tambaya halinsa ba, unguwarsu ake aikawa.

Wani malami a Amurka, Mike Caulfield, ya tattara wannan cikin matakai huɗu masu sauƙin riƙewa, kuma ka iya rubuta su da Hausa a kwali ka liƙa a bangon aji. Tsaya, musamman in labarin ya tayar maka da hankali ko ya yi maka daɗi ƙwarai. Binciki mai maganar. Nemi ko wasu majiyoyi da aka sani sun kawo labarin. Bi sawun hoto ko lamba ko zance har inda ya faro.

Ba a koyon wannan da haddar kwali, sai da gwaji. Ka tattaro saƙonni uku daga cikin waɗanda suke yawo a wayarka: ɗaya na gaskiya, ɗaya na ƙarya, ɗaya kuma hoton gaske ne amma tsoho ko na wata ƙasa da aka laƙaba masa sabon labari. Kada ka faɗa musu wanne ne wanne. Kowane rukuni ya yanke hukunci, ya kawo hujja. Za ka ji irin wannan:

"Malam, gaskiya ne, ai har da hoto."

"Wa ya ɗauki hoton, kuma yaushe?"

"Ba a rubuta ba, amma yayana ne ya turo, shi kuwa ba ya ƙarya."

"Na yarda yayanka ba ya ƙarya. Shi a gabansa aka yi, ko shi ma turo masa aka yi?"

Daga nan sai ka ɗora hoton a Google Lens ko TinEye, manhajojin neman asalin hoto, a gabansu, su ga ya fito a wani shafi shekaru da suka wuce. Ka sa su duba cikin hoton da kansu ma: lambar mota, rubutun allon shago, kakin 'yan sanda, irin ginin. Ka nuna musu kibiya biyu da WhatsApp yake sa wa saƙon da aka yi ta turawa, alamar cewa ya yi nisa da wanda ya fara rubuta shi. Ka buɗe musu shafukan masu bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check, su karanta yadda aka bi aka gano, ba hukuncin kaɗai ba.

Saƙon murya ya fi wuya, kuma shi ya fi yawo a cikinmu, domin ba ya bukatar iya karatu. Ka kunna ɗaya, yara su rubuta amsar abu huɗu: ya faɗi sunansa, ya faɗi gari da rana, ya ce shi ya gani ko an ce masa, kuma me yake so mai sauraro ya yi? Wanda ya ƙare da "don Allah ka tura wa duk wanda ka sani" ba tare da suna ko wuri ba, ya riga ya faɗi gwajin. Haka saƙon tallafin gwamnati ko gurbin karatu da ke cewa a danna nan a sa lambar BVN ko NIN. A duba adireshin, in hukumar gwamnatin Najeriya ce ana sa ran ya ƙare da gov.ng, sannan a je shafin hukumar kai tsaye a gani ko ta sanar.

Lambobi ma a yi musu darasi guda. Ka tambayi aji yawan mutanen Jihar Kano, za ka ji amsoshi iri-iri. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, ta ba ƙasar kimanin miliyan 140, Kano kimanin miliyan 9.4. Duk lambar da aka ambata bayan nan ƙiyasi ne da aka gina a kan lissafin ƙaruwar jama'a. Ƙiyasi ba laifi ba ne, amma mai rubutu ya ce ƙiyasi ne, ya faɗi wanda ya yi shi.

Akwai haɗari biyu da nake so ka sa wa ido. Na farko, wani zai ce maka ruwa ba ya tsami banza, tunda ana ta faɗa akwai ƙamshin gaskiya. Ka nuna masa cewa mutum dubu da suka turo saƙo ɗaya majiya ɗaya ce, ba dubu ba. Na biyu ya fi damuna: yaro ya fita daga darasin yana cewa kowa maƙaryaci ne, da jarida da likita da hukuma. Wannan ba wayewa ba ce, kuma mai irin wannan tunani shi ma saukin ruɗa gare shi. Shi ya sa dole cikin saƙonni ukun nan a samu na gaskiya, domin su saba da cewa bincike yakan ƙare da "e, haka ne". Ka nuna musu abin da ke sa a amince da majiya: tana da suna da adireshi, tana faɗin inda ta samo, kuma in ta yi kuskure tana fitowa ta gyara.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, hani ba zai yi aiki ba, suna cikin wayoyin yayyensu. Gara ka yi gwajin a gabansu. Ka tambayi manhajar tarihin garinku ko jerin hakimansa, a kwafe amsar a allo, a gwada ta da abin da dattawa suka faɗa. Su gani da idonsu cewa takan kawo daidai, takan kuma ƙago suna da shekara cikin lafazi mai daɗi ba tare da ta nuna shakka ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙago musu. Dokar aji ita ce, duk abin da manhajar ta faɗa yana shiga gidan "abin da nake shakka" har sai an same shi a wani wuri.

Mako na tara: rubutawa da bakinka

Hanya mafi sauƙi ta kashe kwafe ita ce rufe littafi. Yaro ya karanta sakin layi, ya kife littafin, ya faɗa wa na kusa da shi abin da ya fahimta da Hausa, sannan ya rubuta. In ya kasa faɗa, bai gane ba, ya sake karantawa. Inda yake son kalmomin mai maganar daidai, ya sa su cikin alamun zance ya faɗi mai su.

Kada ka wahalar da su da tsarin ambaton madogara na jami'a. A wannan mataki abu huɗu sun isa: wa, me, yaushe, a ina. In littafi ne, marubuci, suna, shekara, shafi. In hira ce, sunan mutum in ya yarda, sana'arsa, rana da wuri. In shafin intanet ne, mai shafin, take, da ranar da aka duba. Rahoton kada ya wuce shafi biyu ko uku da rubutun hannu, a aji za a rubuta shi, ya ƙunshi tambaya, inda aka nema, abin da aka samu, inda majiyoyi suka saɓa, da abin da har yanzu ba a gano ba. Wannan sashe na ƙarshe ka ba shi maki mai kyau, domin yara sun saba ganin "ban sani ba" a matsayin faɗuwa, shi ya sa suke cike gurbi da shaci-faɗi.

Mako na goma: gabatarwa da maki

Kowane rukuni ya samu minti biyar na bayani, sauran aji su yi masa tambayoyi. In ajin babba ne, ka nemi aron darasin abokin aikinka a haɗa biyu. Kai ne za ka zaɓi wanda zai amsa kowace tambaya, ba shugaban rukuni ba, don kada mutum ɗaya ya ɗauke aikin. Sannan ka fito da takardun nan da aka ninke a mako na biyu, kowane rukuni ya karanta zatonsa na farko ya faɗi abin da ya canza da dalilin canzawar.

Wajen rabon maki, ni ina ganin littafin bincike ya ɗauki kaso mafi tsoka, kamar 40 cikin 100, domin a nan ake ganin sawun aikin kowane yaro shi kaɗai. Ingancin majiyoyi da yadda aka gwada su da juna ya ɗauki 30, rahoto 20, amsa tambayoyi 10. Kyan bugu da bango mai sheƙi kada su samu ko ɗaya, in ba haka ba ɗan mai kuɗi zai saye makin a shagon kwamfuta. Ka sanar da su wannan rabo tun makon farko.

Rahotannin kuma kada su ƙare a kwandon shara ko wurin mai ƙosai. A kai wa dattawan da aka yi hira da su kwafi, a karanta musu, in akwai gyara su yi. Sauran a ɗinke su wuri ɗaya, a rubuta aji da shekara a bango, a ajiye a ofis. Ajin baɗi in sun zo mako na biyu, ka raba musu waɗannan rahotanni, kowane rukuni ya ɗauki ɗaya ya bi majiyoyinsa, ya ga wanne ya tsaya, wanne farashi ko suna ya canza, wace tambaya aka bari ba a amsa ba, daga cikinsu su zaɓi tasu.